Gangaren Iro

Duk wanda ya taɓa kai keke faci a unguwar Kumbiya-Kumbiya ta Gombe ya san Jalo, dogon dattijon nan da ke zama a gindin dalbejiya da kwanon ruwa a gabansa, yana jujjuya tib yana neman inda iska ke fita. Mutum ne mai ƙarancin magana. Mutanen unguwa kan ce ba shi da abokin faɗa, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ba su lura da shi ba, akwai suna guda a duniyar nan da in aka ambace shi sai hannun Jalo ya tsaya cak a cikin ruwan. Ba sunan wani maƙiyi ba ne. Sunan amininsa ne, wanda shagonsa ke manne da gindin dalbejiyar, ko tari ya yi Jalo na ji.

Ba a kan faci Jalo ya taso ba. Mahaifinsa makiyayi ne da shanu suka ƙare wa, ya shigo gari ya zauna, ya rasu ya bar wa ɗansa gado iri biyu: wani baƙin keke mai kariya, da fulako. Keken ya ciyar da shi. Fulakon kuwa, wato kunyar nan ta Fulani da ke hana mutum cewa yana so ko da yawunsa na tsinkewa, shi ya ja masa abin da ya ja masa.

Yana saurayi ya fara ɗauko tumatir da albasa daga lambunan Kwadon zuwa kasuwar Gombe, kwando biyu a baya, ɗaya a gaba. Da aka mai da Gombe babban birnin jiha, titin ya cika da motoci da babura, har wata rana iskar wata tirela ta kwashe shi ta watsa cikin kwalbati shi da kwandunansa. Ya miƙe jage-jage da ruwan tumatir, mutane suka ɗauka jini ne, aka hau salati. Bai ji ciwo ba, amma daga ranar ya ce shi da kwalta haihata-haihata.

Sai ya ɗaga kai ya dubi tuddan da ke bayan ƙauyen Liji. Akwai wani ɗan sawun awaki da ke ratsa su, wani wuri a gan shi, wani wuri ya ɓace cikin sabara. Jalo ya ɗauki adda da fartanya ya bi shi. Ya sare ƙaya, ya mirgina duwatsu, ya cike bakin kwaruruka, damina ta zo ta kwashe, ya sake cikewa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taya shi. Wuri mafi wuya shi ne gangaren ƙarshe, wanda ke zubowa ta ɓangaren Kwadon ya bi gefen gonar wani dattijo, Batere ne ɗan asalin yankin, kafin ya haɗu da titi. Jalo ya je ya durƙusa ya nemi izini. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Bi abinka, ɗan Fulani, ai ba a taya za ka kwashe ƙasan ba.” Ɗansa Timoti na tsaye a wurin, shi ma lokacin saurayi ne. Iyakar yarjejeniyar ke nan, sai 'yan albasar da Jalo kan ajiye musu a bakin gona in zai wuce.

Da safe ya sauko gangaren da kwanduna wayam, birki na kuka, diddige na taya birki. Da rana ya turo keken sama da kaya, gumi har cikin takalmi. Haka ya yi ta yi har ya auri Safiyyatu, har 'ya'ya suka girma, kuma ko sau ɗaya gangaren nan bai taɓa kayar da shi ba. A hankali masu tallan nono suka gano hanyar, masu itace suka bi, kowa ya bi. Ba wanda ya sa mata suna. “Hanyar keke” ake cewa, Jalo kuwa bai damu ba, don abin da ba na kowa ba a baki, a zuciyarsa nasa ne.

Shi kuwa aminin nan nasa, Iro, Bakatsine ne. Ya zo Gombe da buhun sarƙoƙi da fedoji da robar birki, da baki wanda ba ya rufuwa. Gajere ne mai tumbi, in yana dariya har ƙofar masallaci ake ji. Yadda aka yi shiru-shiru irin Jalo ya ƙulla da shi, Allah kaɗai ya sani, amma sun ƙulla, har ta kai ba a raɗin suna a gidan ɗaya sai ɗayan ne ke riƙe ragon. Da gwiwoyin Jalo suka fara ƙara, babura kuma suka ƙwace jigilar tumatir, Iro ne ya ce masa, “Bafillace, zo ka zauna nan kusa da ni. Ni in sayar, kai ka ɗaura.” Hanyar bayan Liji kuwa sau ɗaya tak Iro ya taɓa binta tun suna da ƙarfi, rabinta ma a ƙafa ya taka, yana tsine wa duwatsu ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai wasu samari suka fara zuwa gindin dalbejiya da wasu irin kekuna da Jalo bai taɓa kamawa ba. Tayoyi ƙirtsa-ƙirtsa, giya bila adadin, har da shokazoba kamar babur. Masu su kuma da hular kwano da wando ɗamamme, wanda Iro ya ce in da a Katsina ne sai an tara musu dattawa. Babbansu shi ne Abdulaziz, wani ma'aikacin gwamnati mai fara'a da ke zaune a unguwar Malam Inna. Jalo ya riƙa gyara musu kekunan fuska a ɗaure, amma in sun juya baya sai ya shafa firam ɗin, ya danna kan keken ya ga yadda yake lotsawa ya dawo. A ransa yana cewa, da na sami irin wannan ina saurayi, ai da gangaren nan ya ga abin mamaki. Shi da bakinsa ya ba su labarin hanyar, wata rana da suka yi ƙorafin motoci.

Bayan 'yan kwanaki Abdulaziz ya zo ya tsuguna a gabansa, ya cire hular kwano saboda girmamawa.

“Baffa, wallahi mun gaji da kwalta. Mu hanyar dutse muke nema, mai hawa da sauka, irin wadda ka ba mu labari. Ka zama jagoranmu mana, duk Asabar. Akwai ma keke ɗaya a gurup ɗinmu da ba mai hawa, sai ka riƙe shi.”

Jalo ya ɗago ya dube shi. Abin da ya yi shekaru bai ma san yana jira ba, ga shi an kawo masa har gindin dalbejiya. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da goga tib a kan gwiwa.

“Ni wa? A'a, ɗana, ni ai na tsufa. Ina ni ina jagora. Ga Iro nan ma ya san hanyar.”

To, a gidan da Jalo ya tashi, wannan maganar ba ƙi ba ce. Baƙo ne aka ajiye wa akushi ya ce ya ƙoshi. Aikin mai gida ne ya nace, ya haɗa shi da Allah, ya nuna ransa zai ɓaci, sannan baƙo ya wanke hannu kamar dole aka yi masa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Jalo ya gama nasa, yana jiran Abdulaziz ya yi nasa. Amma shi Abdulaziz, ko da yake kakanninsa ma sun yi kiwo, a makarantar kwana da ofis ya girma, inda a'a take nufin a'a.

“Oke, ba matsala, Baffa. Allah ya ƙara lafiya.” Ya juya. “Baba Iro, kai fa?”

Iro na cin gyaɗa. Ya san halin Jalo sarai, ya fi kowa sani. Amma ya riga ya ga keken, ja ne mai ratsin baƙi, yana jingine yana ƙyalli.

“Ƙarfe nawa za mu tashi?” in ji shi.

Da samarin suka tafi, Iro ya ɗan saci kallon abokinsa. “Kai ka ce ba ka so, ko?”

“Na ce,” in ji Jalo. Ya tsoma tib a ruwa ya daɗe bai ɗago ba.

Ranar Asabar Iro ya ja su. Ya ɓatar da su a wurare da dama, suka yi ta dariya suna cewa ai daɗin abin ke nan. Da suka iso gangaren ƙarshe, ya ce su tsaya su ga yadda ake yi. Ya saki keke, ya damƙe birkin gaba maimakon na baya, keken ya tsaya shi bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya dira, ya mirgina da tumbinsa har cikin kunyar gona, ya miƙe da ciyawa a gemu yana kabbara. Ɗaya daga cikin samarin na ɗauka a waya. Kafin la'asar rabin Gombe sun gani. Kafin wata Asabar ɗin, wurin ya sami suna: Gangaren Iro.

Wannan ne ya tsaya wa Jalo a maƙogwaro. Da a ce bajinta Iro ya yi, da da sauƙi. Faɗuwa ya yi. Shi Jalo da ya sare wurin da hannunsa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauka bai taɓa kai gwiwa ƙasa ba, ba a sa sunansa ko a kan dutse ɗaya ba. Wani ya zo ya faɗi sau ɗaya an ba shi tudu sukutum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kishi ne, tsagwaronsa, irin wanda ke sa mutum ya ji haushin dariyar da ya yi shekaru yana jin daɗinta.

Abin kuwa sai gaba yake yi. Samarin suka kafa allon ƙarfe a ƙasan gangaren, suka rubuta sunan da jan fenti. Suka sa shi a taswirar waya, yadda baƙo daga wani gari zai iya zuwa ba tambaya. 'Yan kallo suka fara taruwa ranar Asabar a inda hanyar ta haɗu da titi, mata suka kafa gasa masara da suyar awara, masu Keke Napep suka fara tsayawa. Iro ya rataye hular kwanonsa a ƙofar shago inda kowa zai gani. Ɗingishin da ya samo a faɗuwar ya warke tuni, amma in ya hango baƙi sai ya dawo.

Baƙin kan zo su tsaya a kan Jalo, har su kusa taka masa kwanon ruwa, su ce, “Sannu Baba, don Allah ina shagon Baba Iro?” Sai ya nuna da haɓa. Kuma don a yi wa Iro adalci, bai taɓa ɓoye gaskiya ba. Yakan ce, “Ku gaida wancan, shi ne mai hanyar, ni faɗuwa kawai na yi.” Sai su waiwayo su ce, “Sannu da ƙoƙari, Baba,” su koma su rungume Iro a ɗauke su hoto. Wannan karamcin ya fi komai ƙona wa Jalo rai. Ga shi kuma duk yammacin Asabar jan keken na dawowa hannunsa, shi zai wanke masa sarƙa, shi zai miƙe masa abin da Iro ya lanƙwasa.

A gida Safiyyatu ta ga tuwo na komawa kamar yadda ta kawo shi. Ita ba ta gaji fulako ba, ko ta gada ta bar shi a gidansu.

“Malam, wai ciwon nan naka ba shi da magani ne? Baki gare ka. Je ka ce wa yaron nan kana so.”

“Ina son me?”

“Oho. Abin da ke hana ka cin tuwona.”

“In je in roƙa? Abin da na sara da hannuna?”

“Ai ba su ƙwace ba, kai ka miƙa. An kawo maka har gabanka ka tsaya jan aji. Yaran yanzu in ka ce ka ƙoshi ɗauke kwanon suke yi.”

Jalo ya ce ita ba ta gane ba. Ta ce ta gane sarai, ta ɗauke kwanon.

Da bazara ta yi nisa, Abdulaziz ya zo da labarin za a yi gasa a farkon damina, lokacin da tuddai suka yi kore. Za a gayyato mahaya daga wasu jihohi. An ma buga riguna. Iro ya fito daga shago da guda a hannu, yana washe baki, ya ɗora wa Jalo a kafaɗa.

“Na ce a cire maka babba, saboda tsawonka.”

Jalo ya warware rigar. A gaba hoton keke, a baya da manyan baƙaƙe, Gasar Gangaren Iro. Ya yi godiya, ya ninke ta da kyau ya sa a ƙarƙashin benci. Washegari bai buɗe wurin aiki ba, ya ce zai je Kwadon gaida mutane.

Ya tarar da Timoti a gindin mangwaro yana gyara ƙotar garma. Dattijon nan Batere ya daɗe da rasuwa, gonar ta dawo hannun Timoti, shi ma furfura ta kama shi. Ya yi murna da ganin Jalo ƙwarai, aka kawo ruwa, aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi iyali da gwiwa da zafin bana. Timoti ba shi da wata damuwa da masu kekuna. Matarsa ma na cikin masu gasa masara ranar Asabar.

Can Jalo ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne, “Na ga allo a bakin gonarka.”

“E, yaran nan ne suka sa. Suna da kirki.”

“Suna da kirki ƙwarai. Sunan wa ke jiki?”

“Na abokinka mana, wanda ya faɗi.” Timoti ya yi dariya.

Jalo bai yi ba. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. “Ni dai ban ce komai ba. Amma ka ga yadda filayen bakin gari suka tafi. Yau a kafa allo da sunan wani, gobe a saba da sunan, jibi ka ga mutane da igiyar awo. An ce ko a waya ka duba wurin nan, ba sunanka ke fitowa ba, ba na babanka ba. Kuma yaran nan yawancinsu a ofisoshin gwamnati suke.”

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa, kuma irin wannan maganar ta fi ƙarya dafi. Timoti ya ajiye ƙotar. Ya san mutanen da suka kwana da gona suka tashi ba gona. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

“Kai, Malam Jalo,” ya ce a hankali. “Ka buɗe mini ido. Gonan babana ne fa. Nan aka binne cibiyana.”

Jalo ya koma gida zuciyarsa wasai, har ya cinye tuwo, Safiyyatu na kallonsa ta gefen ido. A lissafinsa Timoti zai tumɓuke allon, ya ce kada a ƙara kiran wurin da sunan kowa, shi ke nan hanya ta koma hanyar keke kamar da. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Amma mai tsoron rasa gona ba ya tsayawa a allo. Ruwan farko na sauka Timoti ya kawo shanun huɗa. Ya ratsa gangaren da kunyoyi tun daga ƙasa har inda garma ta iya hawa, ya mirgina duwatsun da Jalo ya jera cikin kwari, ya shuka gyaɗa da dawa, ya kewaye da shingen ƙaya. Allon kuwa ya rufe akurkin kaji da shi.

Iro ne ya kawo labarin. Ya sauka daga jan keken bai ko jingine shi ba, ya bar shi ya faɗi. Ba dariya a fuskarsa, abin da Jalo bai saba gani ba.

“Jalo, an kashe hanyarka.”

Hanyarka. Kalmar da ya yi wata da watanni yana ƙishirwar ji ke nan, ta zo masa a ranar da ba ta da amfani.

“Timoti ya huɗe gangaren, ya ƙi ko sauraronmu. Abdulaziz ya roƙe shi har da rantsuwa. Kai ne zai ji maganarka, kai babansa ya ba. Don Allah ka tashi ka je. In sunan ne matsala a cire, ni me zan yi da shi? Tudu zan ci?”

Jalo ya fito da tsohon baƙin kekensa ya bi ta bayan Liji. Gwiwoyi na ƙara, yana hawa yana sauka yana turawa. Kowane lungu ya san shi, ga dutsen da ya fasa, ga tsamiyar da yake hutawa. A kusa da ƙarshe ya gamu da masu tallan nono sun juyo da ƙorai a ka, suna mita, za su zagaya ta titi. Da ya iso saman gangaren ya leƙa, bai ga hanya ba. Kunyoyi ne reras, gyaɗa har ta fara tsiro. Ya tsaya riƙe da keke, idonsa ya cika, ya ji kamar gidansu aka rushe.

Timoti ya hauro ya same shi a bakin shinge.

“Timoti, abin bai kai haka ba. Allon kawai za ka cire.”

“Na cire. Amma sunan yana bakin mutane, yana cikin waya. In hanya yana nan, suna yana nan.”

“To bar ɗan wurin da taya za ta bi. Babanka ya ba ni.”

“Ya ba ka, ina wurin. Amma in na buɗe wa kai, na buɗe wa duka. Ka yi haƙuri, Malam Jalo. Ai kai ka faɗa mini gaskiya, ban manta ba.”

Jalo ya juya keken ya koma ta inda ya fito.

Gasa ta rushe. Samarin suka yi jimami na ɗan lokaci, sannan suka gano wasu tuddan ta wajen Kaltungo, suka riƙa loda kekuna a mota suna tafiya can. Iro da kansa ya mayar musu da jan keken, ya sauke hular kwano daga ƙofar shago. Da ƙasan hanyar ya toshe, sama ma aka daina bi, kafin kaka sabara ta haɗe. Abokan biyu suka ci gaba da zama kamar da, ɗaya na sayarwa ɗaya na ɗaurawa. Iro bai taɓa tambayar wa ya je wa Timoti da magana ba, kuma ga mutum mai baki irin nasa, wannan shirun ya isa amsa. Safiyyatu kuwa sau ɗaya ta tanka. Ta ce, “Malam, ka huce?” Bai huce ba kuwa. Kunya ta zo ta zauna, amma kishin bai tashi ya ba ta wuri ba. Abin da ya rage masa na sanyi guda ne, cewa tunda hanya ta mutu, sunan ma zai bi ta.

Shekara ta zagayo, mahaifiyar Timoti ta rasu. Jalo da Iro suka shirya zuwa ta'aziyya tare, suka tari Keke Napep a bakin titi suka shiga baya. Direban wani magidanci ne mai son hira. Da suka wuce Liji ya waiwayo.

“Baba, a ina za ku sauka? Cikin Kwadon?”

Iro ya mai da fuska waje, ya ƙura wa gonaki ido kamar bai taɓa ganin dawa ba. Jalo ya gyara murya.

“Kafin Kwadon. Wurin wani mangwaro, ta hannun hagu.”

“Mangwaro ai da yawa, Baba.”

“Gonar Timoti. Inda aka yi rasuwa.”

“Wane Timoti?”

“Inda hanyar keke take fitowa da.”

“Hanyar keke?” Direban ya rage gudu yana girgiza kai. “Ni fa ban daɗe da fara bin layin nan ba. Ba wani suna da ake kiran wurin?”

Jalo ya dubi Iro. Iro na nan yana kallon dawa, wuyansa ya ƙage. Ga mangwaron can yana matsowa, in ba a yi magana ba za a wuce.

“Gangaren Iro,” in ji Jalo.

“Haba Baba! To da ka faɗa tun farko, wa bai san nan ba?” Direban ya saki dariya ya kama gefen titi. “Ai wurin na da tarihi. An ce wani tsoho ne, Iro, shi kaɗai ya sare dutsen nan da adda tun yana saurayi, yana ɗauko tumatir a keke. Wai har ya tsufa gangaren bai taɓa kayar da shi ba. Irin mazan da ke nan, yanzu ina za ka same su?”

Iro ya juyo da sauri, ya buɗe baki. “A'a, ɗan'uwa, ba haka ba ne, ai ga...”

Jalo ya ɗora hannu a gwiwarsa ya danne.

“Haka muka ji mu ma,” ya ce wa direban.

Suka sauka. Iro ya tsaya sallamar direba, Jalo ya yi gaba, ya bi gefen shingen ƙaya yana neman ƙofar shiga gidan makoki.